Dalilin Da Ya Sa Nake Kashe Waya Ƙarfe Tara

Salamu alaikum, mutanena na wannan shafi. Masu turo min saƙo suna cewa Bahijja akwai jan aji, da an idar da isha'i ba ta ƙara amsa kowa, yau ku gyara zama zan faɗa muku dalili. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Bahijja Lauwali, shekarata ashirin da huɗu, ɗinki nake yi a Kazaure, a ɗan shagon da Umma ta sa aka fitar min daga jikin zaurenmu. Ni da ita kaɗai ne a gidan. Babanmu ya rasu ina 'yar shekara tara, yayyena mata biyu kuma suna ɗakunan mazajensu.

Ba ku kaɗai ke ƙorafin wayar nan ba. Ga saƙon da na tarar ranar uku ga azumin bana, da na kunna ta lokacin sahur:

"Na kira sau shida. Kullum ƙarfe tara a kashe. Bahijja, in akwai wanda kike kashewa saboda shi, ki faɗa min tun yanzu. Ni ba yaro ba ne."

Musaddiƙ kenan, wanda aka sa mana rana sati uku bayan ƙaramar Sallah. Bafulatanin Babura ne, ma'aikacin lafiyar dabbobi. Dogo ne siriri, kullum da akwatin allurai ɗaure a bayan babur ɗinsa, kuma duk turaren da zai fesa sai ka ji ɗan warin maganin kaska a hannun rigarsa. Ƙanwarsa Nafisat ya kawo ɗinki wata rana, ya tsaya a bakin shago yana gyara min lissafin awo, na ce masa wannan ba wuyan bijimi ba ne, ya ja baya. Dariya ya yi. Sati ɗaya bayan nan ya dawo shi kaɗai da yadin da ko hular jariri ba zai isa ba, wai a ɗinka masa riga.

Na karanta saƙon nan sau uku, kofin kunu yana hucewa a hannuna. Na rubuta, "Barci nake yi da wuri, ka sani." Ya amso nan take: "Wace budurwa ce ke barci ƙarfe tara a zamanin nan?"

Wallahi tambayar tasa tana kan hanya. Amma kafin ku gane amsar, sai na koma da ku azumin shekaru biyu da suka wuce.

Duk wanda ya san tela ya san goman ƙarshe. A shekarar nan na karɓi ɗinki kamar hauka, na ce ai ƙuruciya ce. Daren farko na kai ƙarfe biyu. Na biyu na zarce har sahur. Daga na huɗu sai gajiyar ma ta tafi gaba ɗaya. Kada ku ɗauka wahala nake ji, ko kaɗan. Daɗi nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Kalar atamfa ta ƙara haske a idona, sabon salo yana zuwar min kafin in gama wanda ke hannuna, bakina ba ya rufuwa. Na gama ɗinkin mutane na hau wanda ba wanda ya sa ni. Na buɗe akwatin Umma na yanka zannuwanta guda biyar da take ajiya tun na aurenta, wai zan buɗe babban shago a Kano. Kwana tara barcina bai kai awa biyu a rana ba. Ranar Sallah na fita filin idi da riguna a buhu ina raba wa matan da ban sani ba, ina yi musu wa'azi a kan ɗinki.

Bayan nan sai abin ya juye. Wata biyu ina kwance ina kallon bango. Ko wanka sai Umma ta ɗaga ni. Ba abin da aka yi min, amma ji nake kamar ni ce mafi rashin amfani a cikin halittu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Saurayin da nake da shi a lokacin ya zo dubiya sau ɗaya, daga nan ko giftawarsa ban ƙara gani ba. A ƙarshe Kawu Daudu, yayan Umma, ya zo daga Roni ya ce addu'a ba za a fasa ba, amma a saka hijabi a tafi asibitin ƙwaƙwalwa.

A can na haɗu da Dakta Mairam, wata Babarbariya mai siririn gilashi da magana a hankali. Na zata za ta fara da tambayar ko ina ganin aljanu. Sai ta ce, "Ƙarfe nawa kike barci, tun kina ƙarama?"

Ta juya wajen Umma. "Hajiya, a danginku ko na mahaifinta, akwai wanda barcinsa ya bambanta da na mutane?"

Umma ta ce, idonta a ƙasa, "Babanta." A ranar na fara jin cewa Malam Lauwali, wanda nake tunawa da shi yana goya ni a wuya, akwai lokutan da yake kwana yana noma a gonarsa ta Roni da hasken farin wata, ya dawo da asuba yana waƙa, ya kama gyaran katangar da ba abin da ya same ta. Akwai kuma watannin da ko masallaci sai an yi da gaske yake fita. Da ƙanwarsa, Gwaggo Uwa ta Gwiwa, wadda aka ce mana iska ce ke taɓa ta duk shekara.

Dakta Mairam ta ajiye biro ta ce, "Bahijja, a jikin kowane mutum akwai agogo. Shi ke gaya wa jiki yanzu lokacin barci ne, yanzu na tashi ne, yanzu na yunwa ne. Akwai ƙwayoyin halitta da muke gada wajen iyaye, su ke tafiyar da shi, hasken rana kuma yana saita shi kullum. Masu bincike sun lura cewa masu irin ciwonki, mai hawa da sauka, agogonsu yana saurin rikicewa, kuma ana ganin alamun alaƙa tsakanin ciwon da wasu daga cikin ƙwayoyin da ke juya agogon. Ba a gama gano yadda abin yake ba. Amma abu ɗaya muka tabbatar a ɗakin nan: rashin barci yana iya tayar miki da shi. Wata za ta kwana uku tana ɗinki ta tashi da ciwon kai kawai. Ke ba haka ba ce."

Ta ba ni magani, ta ba ni doka. Kwanciya lokaci ɗaya, tashi lokaci ɗaya, ko ranar biki ce. Da safe in fita in sha hasken rana. Waya a kashe ƙarfe tara. Da azumi ma ta tsara min: magani bayan shan ruwa, ina idar da tarawihi in kwanta, sai sahur. Shekara biyu ina bi, shekara biyu lafiyata ƙalau. Shi kenan sirrin, jama'a. Babu wani saurayi na biyu.

To me ya hana ni faɗa masa? Umma.

Ranar da na nuna mata saƙon nasa tana tsinke zogale a tsakar gida. Na ce, "Umma, ni fa zan gaya masa."

Ta ɗago. "Ki gaya masa me?"

"Gaskiya."

"Wace gaskiyar? Kina da lafiya ko ba ki da ita? Shekara biyu ko tari kin yi? Kin manta yadda na farkon ya ɗauke ƙafa?" Ta tura faranti gefe. "Mutanen nan Fulani ne, Bahijja. Kafin su sayi ɗan maraƙi sai sun tambayi kakarsa. Suna jin kalmar asibitin nan, an gama. Ba ke kaɗai ba, har 'ya'yan yayyenki sai an goga musu. Ki bari a ɗaura. In ya zauna da ke ya ga hankalinki, ko ya ji daga baya ba zai yarda ba."

"In kuma ya tashi a ɗakinsa fa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ba zai tashi ba."

Kada ku zagi Ummata a ƙasan rubutun nan, don Allah. Matar nan ita ta yi shekara goma sha bakwai tana rufa wa mijinta asiri, ita ta yi min wanka ina da shekara ashirin da biyu. Tsoro ne kawai irin na uwa. Ni ma kuma, in faɗa muku gaskiya, daɗi na ji da ta hana ni. Ina son Musaddiƙ, kuma ban shirya ganin irin kallon da na farkon ya yi min a fuskarsa ba.

Ranar goma ga azumi, da hantsi, sai ga Nafisat a adaidaita da buhuna uku. Ta sha doguwar riga ruwan toka da mayafi mai duwatsu, tana ta fara'a.

"Amaryarmu, ga anko! Mu talatin da biyu ne, har da Dada. Muka ce matar yaya tela ce, me zai sa mu kai wa bare? Amma fa kafin Sallah muke so, don danginmu na Nijar su tafi da nasu."

Dada ita ce mahaifiyarsu. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar da aka kai ni gaisuwa, kuma har na taso kalma huɗu ba ta haɗa ni da ita ba.

Na buɗe baki zan ce ba zan iya ba, ina da ɗinkin mutane goma sha biyar da na riga na karɓa, kuma iyakacina kenan duk azumi. Umma ta riga ni. "Ai ba komai, 'yar nan. Za a yi."

Bayan ta tafi na ce, "Umma!" Ta ce, "In kin ƙi su ce me? Ki dinga ƙara awa ɗaya kawai."

Awa ɗaya. Atamfar kuwa kyakkyawa ce, shuɗiya mai zanen ganye ruwan zuma, irin wadda almakashi ke shiga kamar ruwa. Daren farko na tashi daga keken ɗinki ƙarfe sha ɗaya. Na biyu ƙarfe ɗaya, da fitila mai caji saboda an ɗauke wuta. Tunda ina zaune, sai na bar wayar a kunne. Musaddiƙ ya ga alamar ina kan layi.

"Ikon Allah! Yau wa nake gani?"

"Amaryarka, tana ɗinka wa danginka kaya."

"Ashe haka hirar dare take da daɗi da ke. Duk wata shidan nan an cuce ni."

A dare na uku ban kwanta ba sam. Riga bakwai na haɗa. Na tura masa saƙon murya goma sha tara, ina tsara masa yadda za mu buɗe makarantar ɗinki a Babura, da reshe a Damagaram, har sunan da za mu sa mata. Shi kuwa yana ta turo alamar dariya, yana cewa bai san ina da surutu haka ba. Kuma jama'a, daɗin nan ya dawo. Shi ne abin tsoron ciwon nan, ba da zafi yake sallama ba. Zuwa yake kamar ƙawar da kika daɗe ba ki gani ba.

Lokacin sahur Umma ta turo ƙofar shago da kwanon tuwo a hannu. Ina ba ta labarin makarantar ina dariya, ina ɗinki, duk a lokaci ɗaya. Ta tsaya tana kallona. Sai ta ajiye kwanon.

"Haka yake dariya," ta ce.

"Wa?"

"Babanki. In abin zai zo, haka yake dariya."

Na ɗauke ƙafata daga keke. Shagon ya yi tsit. Amma jikina cewa yake tashi ki ƙara bakwai. Na ce, "Umma, gari na wayewa ki raka ni wajen Dakta."

Dakta Mairam ba ta yi faɗa ba. Ta duba ni, ta tambayi awa nawa na yi a kwana ukun, ta ƙara min wani magani na 'yan kwanaki, ta ce in rufe shagon. "Kin zo da wuri, kuma ke kika gane da kanki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne." Har mun miƙe ta ce, "Angon ya sani?"

Umma ta yi saurin cewa, "Likita, ai..."

"Ba zan ce ta faɗa ko kada ta faɗa ba, Hajiya, rayuwarta ce. Abin da na sani shi ne, wanda zai kwana ɗaki ɗaya da ita shi zai riga kowa ganin alama. In ya san me yake gani, zai ce mata ta kwanta. In bai sani ba, zai taya ta hira."

Sai da muka zo ƙofar gida Umma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na karɓi ankon nan. Ki yi abin da kika ga ya dace."

Na yi barci ranar kamar an jefar da ni. Washegari na tura masa: "Ka zo bayan la'asar. Magana ce ba ta waya ba."

Ya zo da farar shadda, leɓensa a bushe saboda azumi da zafin hanya. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na zauna nesa kaɗan da hijabina ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Ya fara zolaya, wai shugabar makarantar ɗinki. Na ce, "Musaddiƙ, wadda ta turo maka saƙo goma sha taran nan ba lafiya ce da ita ba."

Na faɗa masa komai. Zannuwan Umma, filin idi, wata biyun bango, asibiti, Baba, Gwaggo Uwa, agogon da Dakta ta ce. Ban yi kuka ba sai da na zo kan cewa na so a ɗaura aure bai sani ba.

Ya daɗe yana juya makullin babur a hannunsa. Ni kuwa fuskarsa nake leƙe, ina jiran kallon nan. Bai zo ba. Amma murmushi ma bai zo ba.

"Wata shida," ya ce. "Ina kwana ina zargin kina da wani."

"Ka yafe min."

"Kuma shekaranjiya ina can ina jin daɗi, ashe ƙara miki nake yi." Ya shafa fuskarsa. "Bahijja, ba zan yi miki ƙarya ba, kaina ya ɗaure. Zan tambaye ki abu, kada ki ji haushi. 'Ya'yanmu fa?"

Na ji kamar an soka min allurar keke a ƙirji. Amma tambaya ce da ni kaina na sha yi wa kaina. Na ce, "Ban sani ba. Jibi zan koma asibiti. In kana so, ka zo ka tambaya da bakinka."

Bai ce zai zo ba. Ya yi sallama ya tafi tun kafin a sha ruwa, ƙosan da Umma ta soya masa yana nan a rufe. Daren ranar ba saƙo. Washegari ma babu. Na kashe waya ƙarfe tara ina ce wa raina, to Bahijja, an maimaita.

Ranar komawa muna isa bakin asibiti na hango babur da akwatin allurai a gindin dalbejiya. Yana tsaye da 'yar takarda a hannu. Tambayoyi ya rubuto, har da lamba.

"Likita," ya ce bayan an gaisa, "mu a wajen shanu, in muka ga uwa da uba, mun san kusan abin da za a haifa. Akwai gwajin jini da za a yi, irin na sikila, a gaya mana?"

"Babu," in ji Dakta Mairam. "Sikila ƙwaya ɗaya ce, shi ya sa ake iya lissafa ta. Wannan ƙwayoyi ne masu yawa, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa, sannan ga yanayin rayuwa. Ɗan mai ciwon ya fi sauran yara yiwuwar samu, wannan gaskiya ne. Amma yawancinsu ba sa samu. Wanda ya ce maka ya san abin da za ku haifa, ƙarya yake."

"Yana warkewa?"

"Ana zaune da shi lafiya, kamar hawan jini. A cikin masu zuwa wajena da shi akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa. Amma in faɗa maka inda nauyin yake. Kafin ta ɗauki ciki sai mun zauna a kan maganinta. Bayan haihuwa kuma shi ne lokaci mafi haɗari, saboda jariri ba ruwansa da agogon kowa. Dole a samu mai karɓar mata shi da dare. In kana ganin wannan aikin mata ne kaɗai, gara ka faɗa yanzu."

Musaddiƙ ya ɗan yi murmushi, karo na farko. "Likita, na sha kwana a tsaye a kan saniya mai naƙuda."

Ya ninke takardarsa. Daga asibiti gidanmu ya biyo mu, ya shiga shago ya fara ɗaure buhunan anko da kansa, waɗanda aka ɗinka da waɗanda ba a taɓa ba. Ya ce zai raba wa teloli uku a Babura. Da ya gama ɗaurawa a bayan babur sai ya tsaya.

"Ni na gama shawarata, Bahijja, ina nan. Amma Dada za ta tambayi dalilin dawo da kayan nan. Zan iya cewa kekenki ya lalace."

Umma tana bakin ƙofa, tana jinmu. Sauƙin ƙaryar nan kuwa! Kalma uku, a wuce wurin. Na tuna daren jariri da Dakta ta faɗa. Wa za a kira a Babura in ba Dada ba?

"Kekena lafiyarsa ƙalau," na ce. "Ka gaya mata."

Kwana biyu shiru. Abin da kawai ya turo shi ne, "Na faɗa mata. Ba ta ce komai ba. Ki kwanta da wuri."

Yau da safe, wajen ƙarfe goma, ina zaune a tsakar gida ina shan hasken da aka umarce ni, sai muka ji sallama. Muryar tsohuwa ce, siririya. Umma ta leƙa, na ga ta gyara ɗaurin ɗankwali da sauri.

Dada ce. Ita kaɗai, motar haya ta hau tun daga Babura da azumi a bakinta. Baƙin zane mai ratsin fari, farin mayafi, carbi a wuya, ga ƙullin kaya a ka da buta a hannu. Na zube har ƙasa na gaishe ta. Ta amsa tana kallona tun daga kai har ƙafa. Umma ta shimfiɗa sabuwar tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi shanu, an tambayi zafi, an tambayi ibada.

Sannan Dada ta ce, "Yaron nan ya zo min da magana. Baffanninsa sun ce a fasa."

Umma ta sunkuyar da kai.

"Na ce musu su dakata. Yarinyar da aka ba ta hanyar ƙarya ta ƙi bi, ba a yanke mata hukunci daga nesa. Amma ban ce na yarda ba." Ta jawo ƙullinta ta fara kwancewa. Zane biyu ne a ciki, da abin sallah, da 'yar ƙwaryar fura. "Ni ban san asibiti ba, ban san agogon da yake faɗa ba. Abin da na sani, shekara hamsin ina cikin dabbobi, ban taɓa sanin halin wata ba sai na ga kwanciyarta da tashinta. Kwana uku zan yi. Ina ɗakinki?"

Na ga fuskar Umma ta canza, an kwatanta mata 'ya da saniya a cikin gidanta. Ta buɗe baki, na riga ta.

"Ga shi can, Dada. Amma akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki shiga." Ko Umma ban gaya wa ba. "Har yanzu barcina bai gama daidaita ba. Jiya awa huɗu kawai na samu. Sauran daren idona biyu, ina kwance ne kawai don likita ta ce ko bai zo ba kada in tashi. Zai iya yiwuwa abin da za ki gani ba zai yi miki daɗi ba."

Dada ta dube ni. Sannan ta miƙo min butarta.

"Da kin ce min lafiya lau, da motar la'asar zan koma," ta ce. "Zuba min ruwa a nan, ki kai min kayana ciki. Katifar taki ki bar ta, ni a ƙasa nake kwana, kusa da ƙofa."

Yanzu haka da nake muku rubutun nan an idar da tarawihi. Tana zaune a kan abin sallarta a ɗakina, tana jan carbi, ba ta ce min uffan ba tun shan ruwa. Sau biyu tana ɗaga kai ta dubi wayar da ke hannuna. Tara saura minti huɗu.